Wa Ya Aiko Ka? Masu Nazarin Al'umma da Suka Nemi Abinci a Wajen Jami'a

Matafiyin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, da zarar ya wuce 'Yankara ya bar ƙasar Katsina, zai ratsa Wanzamai da Kucheri da Magazu kafin ya kai Tsafe, can gaba kuma duwatsun Kwatarkwashi su tare masa ido. A garuruwan wannan hanya, kamar sauran ƙauyukan Zamfara, mutane sun daɗe da sanin wani irin baƙo wanda ba saye ya kawo shi ba, ba kuma sayarwa ba. Tambaya kawai yake yi yana rubutawa. A zamanin Turawa kan doki yake zuwa da tafinta. Daga baya ya koma zuwa a Landiroba da takardun ma'aikatar gona. Yau saurayi ne ko budurwa 'yan ƙasa, da rigar ƙungiya da waya a hannu, ana tambayar magidanci sau nawa aka ɗora tukunya jiya a gidansa. Amsar farko da kowannensu kan samu ita ma tambaya ce: wa ya aiko ka?

Akwai fannin ilimi da aka gina kacokan kan irin wannan zama na tambaya da sauraro. Turawa na ce masa antiropoloji, wato nazarin al'umma da al'adunta ta hanyar zama cikin mutane wata da watanni, a ci abin da suke ci, a ji harshensu, a lura da tazarar da ke tsakanin abin da suke faɗa da abin da suke aikatawa. A Najeriya yawanci a ƙarƙashin sashen ilimin zamantakewa ake koyar da shi, kuma iyaye da yawa na kallonsa a matsayin karatun da ba ya kai mutum ko'ina sai gaban allo. Tarihin ƙasar Hausa bai goyi bayan wannan zato ba. Jami'ar farko a Arewa, ta Ahmadu Bello, sai a 1962 aka buɗe ta, alhali an shafe fiye da shekara 50 kafin nan ana wannan aiki a ofisoshin mulki da barikin soja da gidajen adana kayan tarihi. A nan sana'ar ta riga ajin karatun zuwa.

Daga littafin haraji

Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, abin da ya fi damun Turawan mulki shi ne kuɗin gudanar da ƙasa, kuma haraji ba ya sanyuwa a kan mutanen da ba a san yawansu da abin hannunsu ba. Don haka aka riƙa tura ƙananan jami'ai gunduma-gunduma su rubuto rahoton kimanta haraji: gidaje nawa, gonaki nawa, maƙera da masaƙa da marina nawa, wace kasuwa ke ci wace rana, wa ya kafa garin, wane gida ke sarauta. Malaman taki na auna gonaki da ƙafa, dagatai na kawo sunaye, Bature na zaune da alƙalami. Rahotannin lardin Sakkwato, wanda Gusau da Tsafe da Bungudu ke cikinsa a lokacin, suna nan jibge a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, kuma har yau duk ɗalibin da zai rubuta tarihin wata gunduma a Zamfara sai ya bi ta kansu. Ya kamata ya riƙa tuna cewa talakan da ya ba da waɗancan amsoshi ya san abin da za a yi da su. Shanun da aka ƙirga don jangali ba su ne duka shanun da ke daji ba.

Daga cikin waɗannan jami'ai aka sami waɗanda tambayar ta zame musu jiki. Manjo A. J. N. Tremearne, haifaffen Ostireliya, soja ne da ya yi aikin ɗan sanda da na mulki a Arewa, ya je Kambirij ya karanci fannin, ya kuma zama lauya. A 1913 ya fitar da littafi kan tatsuniyoyi da camfe-camfen Hausawa, a 1914 kuma ya fitar da *The Ban of the Bori*, wanda ya tattaro yawancin bayanansa daga Hausawan da bauta da fatauci suka kai Tunis da Tarabulus. Shekara guda bayan haka aka kashe shi a fagen yaƙin duniya na farko a Faransa. Masu nazarin bori har gobe suna buɗe littafinsa. Amma shi ne kuma ya ja sojoji zuwa ƙauyukan kudancin Kaduna ta yau, ya dawo ya rubuta littafi a kansu da take na cin mutunci, yana kiransu masu jela mafarauta kawuna. Mutanen da ya yi wa tambayoyi sun ga alƙalaminsa, sun kuma ga bindigarsa.

C. K. Meek ya zo Arewa a 1912 a matsayin jami'in mulki. Aka ɗora masa aikin ƙidayar 1921, wadda daga cikinta ya fitar da juzu'i biyu na *The Northern Tribes of Nigeria* a 1925. Gwamnati ta naɗa shi jami'inta na nazarin al'umma, ya zagaya ƙasar Jukun da Adamawa yana binciken yadda za a shimfiɗa mulki ta hannun sarakuna a wuraren da babu sarauta irin ta masarautun daular Usmaniyya. Sai ga boren matan Aba a ƙarshen 1929, wanda ya taso daga raɗe-raɗin cewa ƙirgar mata da dabbobi da ake yi share fage ne na sanya wa mata haraji. An harbe mata fiye da 50. Gwamnati ta farga cewa ta yi shekara kusan 30 tana mulkin mutanen da ba ta fahimta ba, ta ɗauke Meek daga Arewa ta tura shi ƙasar Ibo. Wannan ɗabi'a ta kiran masani bayan ɓarna ta riga ta auku ba a kanta aka ƙare ba.

A bayan kusan kowane ɗaya daga cikin littattafan wancan zamani akwai malamin Hausa da tawadarsa. Tarin tatsuniyoyi da al'adu da R. S. Rattray ya buga a 1913, wani Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami a ƙasar Gana ta yau. Juzu'i uku na *Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa* da Frank Edgar ya fitar tsakanin 1911 da 1913 malamai ne suka cika su, da yawansu daga Sakkwato. Wanda ya fi su duka shi ne Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano a 1858, wanda ya yi karatu a ƙasar Kabi da Sakkwato, fatauci da malanta suka kai shi Salaga, ya rasu a 1934. Ya rubuta wa wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, bayani dalla-dalla kan noma da kiwo da sana'o'i da aure da bauta a ƙasar Hausa ta ƙarni na 19. Idan ana neman Bahaushen farko da ya yi wannan aiki da cikakkiyar ma'anarsa, da wuya a tsallake shi, ga shi kuwa limami ne kuma mawaƙi, ba da sunan wani fanni ya yi aikin ba.

Giwa da Anka

Bayan yaƙin duniya na biyu kuɗin bincike ya canja hanya. Ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka a Landan ya kafa majalisar bincike kan zamantakewa a 1944, ita ce ta ɗauki nauyin wani matashi ɗan Jamaika, M. G. Smith, ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950. Rahotonsa kan tattalin arzikin ƙauyukan Zariya, da aka buga a 1955, aikin gwamnati ne, cike da lissafin kuɗin shiga da na fita na gidaje. Smith ya yi suna a jami'o'i daga baya da littattafansa kan sarautar Zazzau da Daura da Kano, ya kuma yi wasu shekaru a cikin 1970 yana ba Firayim Ministan Jamaika Michael Manley shawara. Sai dai littafin da ya fi nisan kwana daga wannan tafiya ba nasa ba ne. Da yake namiji ba ya shiga gidan kulle, matarsa Mary, wadda rakiya ce ta kawo ta, ita ta shiga cikin mata da Hausar da ta koya. A Giwa ta haɗu da wata tsohuwa, Baba 'yar Karo, suka yi kusan mako shida tsakanin Nuwamban 1949 da Janairun 1950, Baba na ba da labarin rayuwarta, Mary na rubutawa: harin masu kama bayi, aurenta huɗu, ƙawance, riƙon 'ya'ya, bori, zuwan Turawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a Landan da Ingilishi a 1954. Ainihin Hausar da ta faɗa da bakinta sai a farkon shekarun 1990 aka buga ta.

Zamfara ma ta sami nata baƙon a wannan zamani. Kurt Krieger ma'aikacin gidan adana kayan al'adun duniya ne na Balin, ya sauka Anka a farkon shekarun 1950. Aikin gidan tarihi tattara kaya ne da bayanin yadda ake yin su, shi ya sa ya bar rubuce-rubuce kan ginin tukwane da narkar da tama da wasannin yara da ayarin fataken goro. Amma zama kusa da fadar Sarkin Zamfara ya ja shi cikin tarihi, a 1959 ya buga *Geschichte von Zamfara*, jerin sarakuna da labaransu tun daga Dutsi, ta Birnin Zamfara, har zuwa Anka. Ya ƙare a matsayin shugaban gidan tarihin. Littafin da Jamusanci yake, kuma cikin jikokin waɗanda suka ba shi labarin ƙalilan ne za su iya karanta abin da kakanninsu suka faɗa.

Wata ma'aikaciyar gidan tarihi, Enid Schildkrout ta Niyok, ta zauna a Kano a rabin ƙarshe na shekarun 1970, daidai lokacin da aka fara shirin ba da ilimin firamare ga kowa na 1976. Ta nuna cewa yaran talla su ne ƙafafun matan kulle a kasuwa, don haka duk shirin kai yara makaranta da bai yi lissafin sana'ar uwa ba zai ci karo da ita. Shekara kusan 50 ke nan, ana ta sake gano wannan a tarukan bita.

Taki, madatsar ruwa da abin da aka ƙi tambaya

Polly Hill ba ta bi hanyar da aka saba ba ko kaɗan. Tattalin arziki ta karanta a Kambirij, ta yi shekara 10 da ɗoriya tana aikin gwamnati a Landan, har da baitulmali, sannan ta zama 'yar jarida a mujallar *West Africa*, daga nan ta tafi Gana ta yi shekaru tana bin manoman koko. Ta haura shekara 50 lokacin da ta sauka Batagarawa, kudu da birnin Katsina, a 1967. Masu tsara manufofi na lokacin suna ɗaukar ƙauyen Hausa a matsayin taron matalauta masu kama ɗaya. Hill ta bi gida-gida, gona-gona, ta nuna tazarar da ke ciki. Akwai manomin da rumbunsa ke kai shi wata kakar, har ya fitar da hatsi ya sayar lokacin tsada. Akwai wanda ke sayarwa da kaka da araha don biyan haraji da bashi, ya dawo yana awo da damina, ya bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago gonar wani a daidai makonnin da tasa ke buƙatarsa. Talaucin irin wannan mutum shi ke hana shi noma, ƙarancin noman kuma ya ƙara masa talauci. Ta kuma nuna cewa kaso mai tsoka na cinikin gari ba ya leƙa kasuwa, a cikin gidaje mata ke yin sa. Littafinta *Rural Hausa* ya fito a 1972.

Bayan shekara uku, a 1975, gwamnati da Bankin Duniya suka buɗe shirye-shiryen bunƙasa noma uku na farko a ƙasar, a Funtuwa da Gusau da Gombe. An yi hanyoyin karkara, an gina cibiyoyin sayar da taki da iri, an baza malaman gona. Amfaninsu ba abin musu ba ne. Amma tsarin ya jingina ga waɗanda aka kira manoma masu ci gaba, bisa zaton sauran za su gani su kwaikwaya, sai taki mai rangwame da bashi da shawarar malamin gona suka fi gangarawa wajen mai hali. Wanda ya karanta Hill ba zai yi mamaki ba. Paul Clough ya zauna a Marmara, kusa da Malumfashi, a ƙarshen shekarun 1970 yana bin diddigin cinikin hatsi da bashi a cikin yankin shirin Funtuwa, amma cikakken littafinsa sai a 2014 ya fito. Nan ma akwai abin lura: jami'a na iya jiran shekara 30 ta tace magana, shirin raya karkara kuwa shekara biyar ake ba shi ya kashe kuɗinsa.

Bakolori ce ta nuna tsadar rashin tambaya. Gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Impresit na Italiya kwangilar datse kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka kammala madatsar a 1978. Injiniyoyi sun auna ruwa da ƙasa, amma ba a yi wa mallakar gonaki irin wannan awo ba: wa ya gada, wa ya karɓi jingina, wa ke noma da aro, wace bishiya ta wace ce. Dubban mutane suka rasa gidaje da gonaki, wasu suka yi damina biyu ko uku ba su shuka ba ana daidaita filayen ban-ruwa, diyya ta zo a makare kuma a hargitse. Mutanen fadamar da ke ƙasa da madatsar, waɗanda shinkafarsu da kifinsu suka dogara ga ambaliyar shekara, ba su ma shiga lissafin ba. Manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Alƙaluman gwamnati sun tsaya kan mutum 20 da 'yan kai, manoma da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne.

A wannan shekarar ta 1980 Bankin Duniya ya fitar da ƙa'idarsa ta farko kan mutanen da aiki ya tayar daga muhallinsu. Michael Cernea, ɗan Romaniya, wanda bankin ya ɗauka a 1974 a matsayin masanin zamantakewa na farko cikin ma'aikatansa, shi ya jagoranci rubuta ta. Ba kuɗin bankin ne suka gina Bakolori ba, amma irin abin da ya faru a can ne, a nahiyoyi uku, ya haifar da ƙa'idar. Daga ita aka sami wata sabuwar sana'a. Yau duk babban aikin da bankin ya sa wa kuɗi a wata jiha sai an ɗauki jami'in kula da lamuran al'umma, an rubuta tsarin sake tsugunarwa, an buɗe ƙofar karɓar koke. Wani lokaci aikin gaske ake yi, wani lokaci kuma kwafo rahoton wata jiha ake yi a canja sunan gari.

'Yan gida

Cikin 'yan Arewa da suka yi zurfi a fannin, babu wanda ya taka fagage da yawa kamar Dokta Ibrahim Tahir, Talban Bauchi. Ya yi Barewa, ya yi aiki a sashen Hausa na BBC, ya karanci nazarin al'umma a Kambirij, inda kundin digirinsa na uku na 1975 ya bi alaƙar malamai da 'yan ɗariƙa da attajiran Kano daga 1904 zuwa 1974. Ya koyar a Zariya, ya fita ya shiga sahun waɗanda suka kafa NPN, ya shugabanci hukumar sadarwar ƙasa da waje, ya zama ministan harkokin cikin gida a watannin ƙarshe na mulkin Shagari a 1983, ya fitar da ƙagaggen labari da Ingilishi, *The Last Imam*, a 1984. Ya rasu a 2009. Siyasa ta sami gwanin muhawara, amma kundin nasa, wanda masu nazarin Kano ke ambato har yau, ya zauna a ɗakin karatu. Kusa da shi akwai Dokta Garba Nadama, wanda fanninsa tarihi ne: ya rubuta kundi kan tashi da faɗuwar daular Zamfara a Zariya a 1977, ya zama mataimakin gwamnan Sakkwato, sannan gwamna bayan rasuwar Shehu Kangiwa a ƙarshen 1981. Dukansu biyu sun nuna cewa ilimin na buɗe ƙofar ofis. Ko ofishin na barin mutum ya yi aiki da ilimin, wannan wata magana ce.

Daga ƙauyen Malumfashi zuwa ɗakin tiyata

L. Lewis Wall Ba'amurke ne da ya zo daga Okusfod a tsakiyar shekarun 1970, ya zauna a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi yana nazarin yadda Hausawa ke fahimtar lafiya da ciwo, da aikin boka da wanzami da ungozoma da malamin tsibbu. Ya gama digirinsa na uku, littafin ya fito a 1988 da sunan *Hausa Medicine*. Amma kafin nan ya riga ya koma aji ya karanci likitanci, ya ƙware kan ciwon mata da haihuwa. A 1998 ya rubuta wata maƙala kan mutuwar mata wajen haihuwa da yoyon fitsari a ƙasar Hausa, wadda likita zalla ba zai iya rubutawa ba. Likita ya san cewa doguwar naƙuda ce ke matse nama tsakanin kan jariri da ƙashin ƙugu har ya mutu ya huje. Wall ya bi abin da ke sa naƙudar ta yi tsawo a gida: kunyar haihuwar fari da ke hana yarinya yin ƙara, jiran iznin miji, yankan gishiri, auren wuri kafin ƙugu ya gama faɗi, nisan asibiti, da abin da mace kan tarar idan ta isa. Ya kafa gidauniyar yaƙi da yoyon fitsari a 1995, kuma a 2012 aka buɗe cibiyar tiyata a Danja, kudu da Maraɗi, da tallafinta. Matan da ke zuwa Danja, da Babbar Ruga a Katsina, da asibitin Farida a Gusau, labarinsu kusan ɗaya ne, kuma rabinsa ba a ɗakin tiyata ake warware shi ba.

Harkar lafiya ce ta fi ɗaukar masu wannan ilimi a shekarun baya-bayan nan, ita ma bayan ta sha wuya. A 2003 Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan-inna, Kano ba ta dawo ba sai a watan Yuli na 2004, cutar kuma ta tsallaka ƙasashe da dama. Bayanin da ya fi yawo a jaridun waje shi ne jahilci. Maryam Yahya, 'yar Najeriya, da Elisha Renne da ta daɗe tana bincike a Zariya, sun zauna da iyaye suka jiyo wata magana: me ya sa ake bin mutum har gida da ɗigon cutar da bai cika gani ba, kyauta, alhali zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda na kashe masa yara kuma asibiti babu magani? Ga kuma gwajin maganin Trovan da Pfizer ta yi a Kano a 1996, wanda ba a manta ba. Shigo da sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi a 2009, da haɗa ɗigon da wasu magunguna da mutane ke buƙata, amsa ce ga wannan tambaya. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a watan Agusta na 2020.

Gubar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta kashe yara fiye da 400. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta kawo maganin da ke fitar da gubar daga jini, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje a Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega a 2013. Amma tambayoyin da suka yanke hukuncin ko yaro zai sake kamuwa na zamantakewa ne. Me ya sa ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida? Saboda a nan mata suke, kuma a nan ne ba a sace shi. Me ya sa hana haƙa bai yi aiki ba? Saboda abin da mutum ke samu a rami ya ninka na gona, hanin kuma sai ya sa a ɓoye aikin, a ɓoye har da yaron da ya kamu.

Yau

A duniya sana'ar ta yi rassa. Jomo Kenyatta ya karanci fannin a Landan kafin ya shugabanci Kenya, K. A. Busia ya yi digiri na uku a Okusfod kafin ya zama Firayim Ministan Gana a 1969, Jim Yong Kim ya shugabanci Bankin Duniya daga 2012 zuwa 2019. Kamfanoni irin su Xerox da Intel sun ɗauki masu nazarin al'umma su duba yadda mutane ke amfani da na'ura. Gillian Tett, da ta yi nazarin aure a Tajikistan, ta zama 'yar jaridar harkar kuɗi, ta kuma yi kashedi kan basussukan da suka durƙusar da bankuna a 2008. Sojan Amurka ma ya ɗauki irinsu zuwa Iraƙi da Afganistan daga 2007, ƙungiyar masana fannin ta ƙasar ta fito ta yi tir da shirin, domin bayanin da aka karɓa da amana zai iya komawa jerin sunayen waɗanda za a kai wa hari. Tremearne bai yi nisa ba.

Misalin da ya fi dacewa da Arewa yana Yamai. A 2001 wasu masana 'yan Nijar da abokan aikinsu, ciki har da Jean-Pierre Olivier de Sardan, suka kafa cibiyar LASDEL mai zaman kanta. Tana karɓar aikin bincike daga masu ba da tallafi, amma tana buga sakamakonta a fili, ko da ya ƙona wanda ya biya. Ta yi bincike kan cin hanci na yau da kullum, da yadda ake karɓar marasa lafiya a asibitocin gwamnati, da yadda rabon kuɗin tallafi ke juyewa idan ya isa ƙauye. Masana 'yan ƙasa su ke tsara tambayar, su ke sa hannu a rahoton.

A Zamfara har yanzu rabon aikin bai yi nisa da na zamanin Malam Shaihu ba. Rashin tsaro ya sa baƙo ba ya iya zama wata shida a ƙauye kamar yadda Hill ta yi a Batagarawa, don haka kusan duk abin da duniya ta sani game da ƙauyukan Tsafe da Bungudu daga hannun 'yan yankin yake fitowa: masu tattara bayanai na ƙungiyoyi, da 'yan jarida, da malaman jami'a irin su Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Sakkwato, wanda ya gabatar da bincikensa kan 'yan bindiga a 2021 bayan shekaru yana hira da ɓangarorin rikicin. Haɗarin ma a wuyansu yake. A wurin da kalmar infoma kan jawo wa mutum kisa daga kowane ɓangare, jerin sunaye da lambobin waya da taswirar gidaje a cikin waya ba ƙaramin kaya ba ne, kuma sau da yawa horon kwana biyu ko uku ake ba mai ɗauke da shi, ana biyansa da adadin takardun da ya cika.

Idan magidanci a Kucheri ya tambayi irin wannan yaro wa ya aiko shi, amsar gaskiya doguwa ce. Wata ƙungiya a Gusau ce ta ɗauke shi na mako biyu, ita kuma ta karɓi aikin daga wata a Abuja, wadda ta karɓa daga mai ba da tallafi a Turai ko Amurka. Rahoton zai fito da Ingilishi, da sunan mai ba da shawara da wataƙila bai taɓa wuce Funtuwa ba. Abin da magidancin ya faɗa bayan an rufe waya, lokacin da aka kawo ruwa aka koma hira, shi ne yawanci mafi muhimmanci, kuma babu gurbinsa a cikin fom ɗin.